Sharhi a Kan Sashen Karɓar Jini na Wani Babban Asibiti a Kano

Wannan sharhi ne a kan sashen karɓa da ajiyar jini na ɗaya daga cikin manyan asibitocin gwamnati da ke Kano, wato wurin da ake kira bankin jini, inda na daɗe ina zuwa bayar da jini kyauta ba tare da ina da marar lafiya a kwance ba. Na bar sunan asibitin ne saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma mafi yawan ƙorafin ya shafi tsarin da aka gada fiye da ma'aikatan da na tarar. Wanda ya taɓa jinyar wani nasa a Zariya ko Katsina ko Sakkwato zai gane kusan duk abin da zan ambata. Ra'ayina shi ne sashen yana riƙe jinin da aka ba shi da amana da tsoron Allah, kuma ina ba duk mai ƙoshin lafiya shawarar ya je, amma har yanzu bai iya riƙe mutumin da ya kawo jinin ba, kuma wannan gazawar ce take sa marar gata ya rasa jini a daren da yake buƙatarsa.

Matsala ta farko tana bakin ƙofa. Allon da ke nuna hanyar sashen ƙarami ne, da Turanci kawai aka rubuta shi, sashen kuma yana can cikin lungun ɗakunan gwaje-gwaje, ta yadda baƙo sai ya yi ta tambaya kafin ya isa. A kan hanyar akwai wasu samari da ke zama a inuwa, waɗanda suka iya gane fuskar mai jinya tun daga nesa, su taso su tambaye shi ƙasa-ƙasa ko jini aka ce ya kawo da kuma rukunin jinin da aka rubuta masa. Waɗannan su ne dillalan masu sayar da jini. Ban zo domin in zage su ba, don kuwa talauci ne ya kai yawancinsu da mutanen da suke kirawowa a waya, amma abin takaici ne a ce mai sayarwa ya riga ma'aikacin asibiti yi wa mutum maraba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, Annabi (SAW) kuma ya hana cin kuɗin jini a hadisin da Bukhari ya ruwaito, duk da haka cinikin yana gudana a fili, 'yan taku kaɗan daga ƙofar sashen.

Da zarar an shiga ciki sai al'amari ya sauya. Ana fara ba mutum fom, wanda bai iya karatu ba a karanta masa da Hausa, a tambaye shi shekarunsa, da lokacin da ya yi bayarwa ta ƙarshe, da magungunan da yake sha, da ko ya yi zazzaɓi kwanan nan, da ko an taɓa yi masa ƙarin jini, ko ƙaho, ko tsaga, da wasu tambayoyi da suka shafi sirrin rayuwarsa. Ƙa'idar a bayyane take: shekara 18 zuwa 65, nauyi kada ya gaza kilo 50, namiji ya bari sai bayan wata uku kafin ya sake bayarwa, mace kuma wata huɗu. Daga nan a hau sikeli, a auna bugun jini, a huda ɗan yatsa a ɗebi ɗigon jini a siririn bututun gilashi a juya shi a na'ura domin a ga ko jinin mutum ya isa har a rage masa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a sassauci a nan ko da firij babu komai. Na ga an sallami wani saurayi da ya zo domin mahaifiyarsa, yana magiya yana cewa shi ƙalau yake jin jikinsa, ma'aikacin ya zaunar da shi ya ce masa, “Ƙanena, ba za mu ceci Hajiya mu kwantar da kai ba. Je ka ci abinci mai kyau, ka kira mana wani daga cikin yayyenka.” Wannan ƙin ɗibar shi kansa tausayi ne, kuma shi ne alamar farko da ta nuna mini cewa mutanen wurin sun san darajar rai biyun, na mai karɓa da na mai bayarwa.

Inda suka gaza a wannan mataki shi ne sirri. Teburin tambayoyin yana kusa da bencin masu jira, babu ko labule a tsakani, saboda haka duk amsar da mutum ya bayar tana shiga kunnen maƙwabcinsa. Magidancin da ya zo tare da surukinsa ko ƙanin matarsa ba zai taɓa faɗin gaskiya game da wata alaƙa da ya yi a ɓoye ba, kuma wannan gaskiyar ita ce kariya ta farko ga wanda za a ƙara wa jinin, tun kafin a kai ga na'urar gwaji. Ƙaramin ɗaki mai ƙofa zai magance wannan, kuma ba abu ne mai tsada ba.

Ɗibar jinin kanta ba ta da abin zargi. Ma'aikacin yana sa sabuwar safar hannu, ya buɗe sabuwar leda mai haɗe da allurarta a gaban idon mutum, ya goge gwiwar hannu ta ciki da sifirit ya bari ta bushe, sannan ya soka. Allurar ta fi ta allurar zazzaɓi kauri, zafinta kuma na ɗan lokaci ne. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne ko kusa da haka, daga cikin kimanin lita biyar da ke jikin baligi, kuma ledar tana cika cikin minti goma ko ƙasa da haka, ana jujjuya ta a hankali domin jinin ya gauraya da maganin da ke hana shi daskarewa. Ba a barin mutum shi kaɗai a kan gado. Takan kasance akwai mai tambaya, “Malam, ka karya kumallo kuwa? Kana jin jiri?” Idan an gama a manna filasta, a rubuta lamba a jikin ledar da ƙananan kwalaben gwaji, a karanta lambar sau biyu. Gadajen tsofaffi ne, fanka tana tsayawa idan an ɗauke wuta, amma tsafta ba ta taɓa ba ni dalilin fargaba ba.

Bayan allura sai aikin da mai bayarwa ba ya gani, kuma a ganina nan ne ƙarfin sashen yake. Kowace leda ana gwada ta domin cututtuka huɗu, wato ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da tunjere, sannan a tabbatar da rukuninta. Ana ajiye ta a firij na musamman tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma irin ledar da aka fi amfani da ita a asibitocinmu kwana 35 take ɗauka, bayan nan sai zubarwa. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, tsare wannan sanyin dare da rana babban aiki ne. Akwai takarda manne a jikin firij ɗin inda ake rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, akwai batura masu aiki da hasken rana da ke karɓa idan wuta ta tafi kafin a tayar da janareta, kuma na taɓa jin ma'aikaciya tana yi wa wani ɗan aike faɗa mai zafi saboda ya bar ledar da aka karɓa domin wani ɗaki a kan tebur yana hira. Kafin a fitar da leda sai an haɗa ɗigon jinin mai bayarwa da na majiyyacin an ga sun dace, domin ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba yana iya kashe shi cikin sa'o'i. Wannan ilimin ya samo asali ne daga likitan Ostiriya Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini a 1901, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Kafin shi, ƙarin jini caca ne da rai.

Ina da damuwa ɗaya a nan. Idan aka matsu, musamman da dare, gwajin gaggawa na ɗan tsinke ake dogara da shi, alhali gwajin na'ura da ake kira ELISA ya fi shi gano cuta. Ko da gwaji mafi inganci akwai 'yan kwanaki ko makonni bayan kamuwa da cuta da ba ta bayyana a jini. Shi ya sa asalin mai bayarwa yake da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya zo don Allah ba shi da dalilin ɓoye komai, idan an ce ya dakata sai ya dakata. Wanda ya zo don kuɗin cefane yana da dalilin yin shiru a kan ciwonsa, yana kuma iya zagayawa asibiti uku a wata ɗaya har jininsa ya tsinke, ya cuci kansa, ledar da ya bayar kuma ba ta yi wa majiyyaci amfanin da ake nema ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma mutane da dama a wannan sashen suke fara jin labarin. Yadda ake sanar da su ya danganta da wanda ke bakin aiki. Akwai wata dattijuwar ma'aikaciya da ke jan mutum gefe ta yi masa bayani cikin natsuwa, ta tura shi wurin likitan hanta, ta ce ya kawo iyalinsa a gwada su a yi musu rigakafi. Akwai kuma ranar da na ji an ce wa wani bawan Allah a gaban jama'a, “Naka ba zai yi ba,” aka bar shi tsaye bai san abin da ake nufi ba. Mutumin da ya miƙa hannunsa domin ceton wani ya cancanci fiye da haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bencin masu jira, domin a nan ake ganin ainihin yadda tsarin yake aiki. Kusan duk wanda ke zaune a wurin an ce masa ne ya kawo mutum ɗaya ko biyu su bayar a madadin abin da za a ƙara wa majiyyacinsa. Mai dangi da yawa a cikin gari, ko mai majalisa, ko ɗan ƙungiya, kira ɗaya zai yi a cika wurin. Amma manyan asibitocin Kano ba na Kanawan birni ba ne kaɗai; ana kawo mutane daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Bauchi, har daga Damagaram da Maraɗi, sau da yawa mace ce da mijinta da wata tsohuwa, babu wanda suka sani a garin. Wata rana bayan an gama auna ni, ma'aikacin ya ce mini, “Malam, akwai wani dattijo a waje, 'yarsa tana ɗakin haihuwa tana zubar da jini, shi shekarunsa sun wuce, ba shi kuma da kowa. Ka yarda a rubuta naka a madadinsu?” Na yarda. Dattijon ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabata.” Na yaba wa ma'aikacin da ya tuna da shi, amma na koma gida raina a dagule, saboda na san da ban zo a wannan sa'ar ba, da sai dai dattijon ya koma wajen samarin da ke inuwa da kuɗin da ba shi da su. Bai kamata ran mai naƙuda ya rataya a kan katari irin wannan ba.

Akwai wani abu a cikin lamarin da ya daɗe yana sa ni tunani. Jinina bai shiga jikin yarinyar ba, don ba a gama gwada shi ba, kuma ba lallai rukuninmu ya zo ɗaya ba. Abin da aka ƙara mata leda ce da wani ya bari a firij kwanaki kafin nan, mutumin da bai san ta ba kuma ba zai taɓa saninta ba. Nawa kuma ya maye gurbin tasa, ya jira wani na uku da ni ma ban sani ba. A jikin ledar babu suna, babu ƙabila, babu addini, babu unguwa, sai lamba da harafi da ranar ƙarewa. Jinin ɗan Fagge yana shiga jikin matar ɗan kasuwar Sabon Gari, na malamin coci ya shiga jikin almajirin da mota ta buge, na Bafulatanin ruga ya shiga jikin jikan attajiri, kuma jiki ba ya tambayar komai sai dacewar rukuni. Mun saba jin ayar farko ta Suratun Nisa'i a wurin ɗaurin aure, cewa Allah ya halicce mu daga rai guda, amma ban taɓa ganin inda ma'anarta ta fito ƙarara kamar a gaban wannan firij ba. Haka ma aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ba ta ware ran wani ta bar na wani ba. Annabi (SAW) ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce akwai lada a cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Idan haka ne game da kare, ina ga 'yar Adam da ke kan gadon haihuwa? Ma'aikatan sashen da suke Kirista su ma suna da nasu labarin Basamariyen da ya tsaya ya ɗauki baƙon da aka yi wa rauni a hanya. Dukanmu mun san karatun. Tsarin “kawo naka” ne yake taƙaita tausayinmu ga dangi, ya koya mana cewa jini abu ne da ake bayarwa idan ciwo ya shigo gida.

Girman buƙatar kuwa ya wuce abin da dangi za su iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ƙasa tana buƙatar aƙalla leda goma ga kowane mutum dubu a shekara, wanda ga Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ya kai leda miliyan biyu, kuma abin da ake tarawa bai kai rabin haka ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba a cikin dalilan. An samu ci gaba na gaske a wannan fanni, kuma da hannun 'yar Kano a ciki: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a kan mata sama da 200,000 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya kuma nuna cewa auna jinin da mace ke zubarwa da wata leda mai ma'auni, tare da ba ta magungunan tsayar da jini a lokaci ɗaya, yana rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sauran da jinin bai tsaya musu ba, babu abin da zai cece su sai leda da ke jira a firij tun kafin su iso. Ga kuma masu amosanin jini, wato sikila, da ake haihuwar kimanin 150,000 a ƙasar nan kowace shekara, wasunsu suna buƙatar ƙari a kai a kai har tsawon rayuwa. Ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ke cinye wa jini, ga waɗanda haɗarin mota ke kawowa daga titin Zariya da na Maiduguri. Bankin jini kamar rumbu ne, da kaka ake cika shi, wanda ya bari sai yunwa ta shigo ya makara.

Batun kuɗi ma yana buƙatar gyara, ko aƙalla bayani. Ko da mutum ya kawo mai bayarwa, ana biyan kuɗin leda da gwaje-gwaje da haɗa jini, kuma kuɗin yana da nauyi ga talaka. Kuɗin aiki ne, ba kuɗin jini ba, amma babu takarda a bango da ta fayyace haka, babu kuma mai zama ya yi bayani. Sakamakon shi ne magana ta bazu a gari cewa ka ba su kyauta su sayar, kuma na ji wannan daga bakin mutanen kirki da yawa da na gayyata. Allo ɗaya da Hausa da ajami, mai nuna abin da kowace naira ke biya, zai kashe rabin wannan zargi. Zai kuma kyautu a ce wanda ya saba bayarwa kyauta yana da rangwame idan shi ko iyalinsa suka buƙata.

Sauran tsoron da ke hana mutane zuwa sanannu ne: jini zai ƙare, ƙarfin namiji zai ragu, za a yi tsafi da shi. Ruwan jinin da aka ɗiba yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, musamman ga mai cin hanta da nama da wake da zogale da alayyafo. Mu mutane ne da suka saba zuwa wurin wanzami a yi mana ƙaho, a zubar da jinin a rufe da ƙasa, mu tashi muna jin daɗin jiki, kuma sunna ce da ba wanda ke musu a kanta. Bai kamata a ce fitar jini ta zama abin tsoro ba sai a ranar da zai amfani wani. Akwai kuma masu fargabar cewa idan miji ya ba matarsa jini ta zama 'yar'uwarsa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi fatawa cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, ta kuma ce wanda larura ta tilasta wa sayen jini babu laifi a kansa, laifin yana kan mai karɓar kuɗin. Likitoci dai sun fi son kada a ƙara wa matar da ke cikin shekarun haihuwa jinin mijinta, saboda jikinta yana iya ƙirƙirar abin da zai yaƙi jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba. Mijin ya bayar, a ƙara mata na wani. Ma'aikatan sashen sun san duk waɗannan amsoshi, kuma suna bayar da su da kyau idan an tambaye su, sai dai ba su da lokacin fita su kai su masallatai da makarantun Islamiyya inda tambayoyin suke.

Mata ba a yi musu tanadi ba. Mace mai lafiya da ba ta da ciki, ba ta shayarwa, jininta kuma ya isa, tana iya bayarwa kamar kowa, amma gadajen suna ɗaki ɗaya babu shamaki, kuma ba kullum ake samun mace a bakin aikin ɗiba ba. Matar da za ta kwanta ta buɗe hannunta har dantse a gaban maza baƙi za ta gwammace ta zauna a gida, ko da ita ce ta fi kowa sanin abin da ake ciki a ɗakin haihuwa.

Bayan an gama, ana cewa mutum ya huta minti goma ko sha biyar, a ba shi ruwa, wani lokaci da lemon malt idan akwai, a gargaɗe shi kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya hau babur nan take. Ana yi masa godiya da addu'a, kuma godiyar daga zuci take fitowa. Daga nan sai shiru. Akwai babban littafi da ake rubuta suna da lambar waya da rukunin jini, amma ban taɓa samun kira ko saƙon tunatarwa cewa wata uku sun cika ba, kuma abokaina da muke zuwa tare haka suka ce. Wannan shi ne babban aibin sashen a wurina. Mutumin da ya zo da ƙafarsa sau ɗaya, aka gwada shi aka same shi lafiya, shi ne dukiya mafi tsada da bankin jini zai mallaka, musamman idan rukuninsa O ne mai alamar ɗebewa, wanda 'yan ƙalilan ne cikin ɗari suke da shi a ƙasar nan kuma shi ake nema idan babu lokacin gwaji. A Suwidin ana aika wa mai bayarwa saƙon waya a ranar da aka yi amfani da jininsa. Mu ko tunatarwa kawai aka yi, da bencin masu jira ya ragu. A 2021 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, kuma manufarta ita ce a koma ga masu bayarwa na sa-kai, amma manufa ba ta cika firij sai an sa wani ya zauna da wannan littafin da waya a hannu.

Lokacin da ake neman masu bayarwa ma bai dace da lokacin buƙata ba. Gangamin da ya fi girma ana yin sa ne a ranar 14 ga Yuni, ranar masu bayar da jini ta duniya, wadda aka fara a 2004 aka kuma ɗora ta a kan ranar haihuwar Landsteiner. Ɗalibai da ƙungiyoyi suna zuwa, firij ya cika, abin gwanin sha'awa. Amma jinin da aka ɗiba ranar ya ƙare wa'adinsa kafin ƙarshen Yuli, alhali ɗakin yara yana cika da masu zazzaɓi ne daga Agusta zuwa Oktoba. Haka nan a watan azumi masu zuwa suna raguwa ƙwarai, naƙuda da haɗari kuwa ba sa tsayawa. Malamai sun yi saɓani a kan fitar da jini da rana, suna kwatanta shi da ƙaho. A mazhabar Malikiyya ba ya karya azumi amma an karhanta shi ga wanda ke tsoron galabaita, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a bayar bayan shan ruwa. Sashen yana rufe karɓar masu sa-kai tun la'asar. Da za a ware ma'aikata biyu da gado biyu bayan sallar asham, a sanar a masallatan da ke kewaye, a kuma sake yin wani gangamin a farkon Agusta, da an toshe manyan giɓi biyu na shekara.

Ga wanda ya yi niyyar zuwa, ya fi kyau ya je da hantsi a ranar aiki, bayan ya ci abinci ya sha ruwa sosai, ya sa riga mai sakakken hannu, ya wuce samarin bakin hanya ba tare da tsayawa ba, ya shaida wa ma'aikacin farko cewa sa-kai ya zo, ba shi da majiyyaci. Ya ware sa'a ɗaya, ya nemi a yi masa tambayoyin a keɓe, ya karɓi katinsa mai ɗauke da rukunin jininsa, ya tambayi ranar da zai dawo jin sakamakon gwaji, sannan ya rubuta wa kansa ranar da wata uku za su cika, tun da sashen ba zai tuna masa ba.